Tokar da Ta Zama Dutse

Makarantar da muka baro Minna dominta ɗaki biyu ce a saman shagon masu gyaran taya, a wata unguwa da ke bayan birnin Kuala Lumpur. Muka hau bene muna haki da jakunkunanmu, muka tarar da kujerun roba an jibge su a lungu, ga wata mata tana cin taliya a gaban kwamfuta. Ta duba sunayenmu, ta ce tabbas mu ɗalibansu ne, ta yi mana barka da zuwa. Na tambaye ta yaushe za a fara darasi. Ta ɗago ta dube ni da tausayi, ta ci gaba da cin taliyarta.

Muna saukowa Ndako ya dafa bango yana dariya har da hawaye.

"Bakatsine, ga jami'arka! Koma ka zama injiniya, ni zan jira ka a nan kasa wajen masu taya."

Ni ko murmushi ban iya ba.

Ndako mijin yayata Asabe ne, Banufen Bida, amma a unguwar Fadikpe ta Minna yake zaune yana gyaran injin ban ruwa. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Ni kuwa kakana Bakatsine ne, aikin reluwe ya kawo shi Minna yana zuba wa jirgin ƙasa kwal, kuma a nan aka haifi babanmu. Ke nan wasa biyu ne tsakanina da Ndako: ga ni ƙanin matarsa, ga kuma tsohon wasan nan na Katsinawa da Nufawa. Tun ina firamare ban taɓa jin wata magana ta shiga tsakaninmu ba tare da an naɗe ta a zolaya ba. Hausarsa ba ta san mace ba, a wurinsa rana ma "ya fito" ne, ni kuma ba na barin ko ɗaya ta wuce ban yi masa dariya ba. Da za mu taho, Yaya Asabe ta damƙa ni a hannunsa, sannan ta zagaya ta damƙa shi a hannuna. Kowa a cikinmu yana ganin shi ne mai riƙon amana.

Wanda ya shirya mana tafiyar ɗan garinmu ne, Ɗanjuma, mutumin da muka sha haɗa sahu da shi a masallacin unguwa. Da muka same shi a can Kuala Lumpur da maganar makarantar, ko gezau bai yi ba. Ya ce takardar ɗalibi ai ƙofar shiga ce kawai, kowa da ita yake shigowa, abin da ya rage shi ne aiki. Ya kai mu wurin wani ɗan kwangilar leburori, suka yi ƙus-ƙus a gefe, ɗan kwangilar ya karɓi fasfo ɗinmu wai zai riƙa sabunta mana biza. Daga ranar wayar Ɗanjuma ba ta sake shiga ba. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, mun miƙa fasfo da hannunmu har muna godiya.

Zangonmu na biyu yana can kudu. Motar da ta ɗauke mu ta yini tana ratsa gonakin kwakwar manja, jere bayan jere, ba gida ba dutse. Ndako ya gaji da kallo ya ce, "Kasar nan kwakwa kadai Allah ya ba su?" A tsakiyar gonakin aka sauke mu, a wata masana'antar kwali. Aka nuna mana kwantena inda za mu riƙa kwana tare da 'yan Bangaladash da 'yan Nefal. Kullum da la'asar sai an tsuga ruwa, kayanmu ba sa bushewa, jikinmu ba ya rabuwa da gumi. Shinkafa da safe, shinkafa da rana, shinkafa da yamma. Ban san ina son Minna ba sai a can. Na yi kewar doyar kasuwar Gwada har ina mafarkin sakwara, na yi kewar kukan jirgi in zai ratsa gari, abin da a da nake tsaki a kansa.

Aikinmu a gindin tukunyar tururi yake. Ƙatuwar aba ce, tsawonta ya kai bene mai hawa uku. A ƙasa akwai ɗakin wuta, da wata ragar ƙarfe mai tafiya a hankali ɗauke da makamashi. A sama kuwa bututai ne jere cike da ruwa. Wuta ta lashe su, ruwan ya zama tururi, tururin ya tafi ya busar da kwali. In tururi ya tsaya, masana'anta duka ta tsaya. Mu namu shi ne kwashe toka a baro da share hanyar makamashi. Na yi wa kaina dariya: kakana ya yi wa kwal bauta don jikokinsa su riƙe biro, ga jikan ya haye teku ya dawo kan shebur.

Abu biyu tukunyar take ci. Akwai kwal, wanda ake sayowa daga tashar jirgin ruwa. Akwai kuma sharar da matatun manja na kewaye suke neman kai da ita, wato ɓawon ƙwallon kwakwa, da gungun da aka tsige wa 'ya'ya aka yayyaga ya zama zare-zare, kullum a jiƙe. Ndako ya sa wa wannan suna soso, don ya yi kama da soson wanka. Ba a jima ba har 'yan Nefal suka kama sunan.

Injiniyan tukunyar ɗan ƙasar ne, wani siriri mai tabarau, Injiniya Rahim. Da ya ji na yi difloma a aikin injina sai ya riƙa jana da hira. Wata rana ya ɗebi tokar kwal zalla a tafin hannu ya hura, ta tashi kamar gari. Sannan ya miƙo mini wani dunƙule mai nauyi, baƙi-baƙi kore-kore, yana ƙyalli.

"Wannan ma toka ce," in ji shi da Turanci. "Daga jikin bututu aka ɓamɓaro ta. Ɓawo ba shi da rigima sosai, sosonku ne mugu. Tokarsa cike take da kanwa, kanwa kuwa tana sa toka ta narke da wuri. In ta narke sai ta bi hayaƙi ta manne a bututu kamar ɗanko, wata ta zo ta manne a kanta, har ta zama dutse."

Na ce, "To me ya sa ake zuba shi?"

"Saboda kusan kyauta ne. Kuma in da kaɗan ne ba komai. A wannan tukunyar, in an zuba guga ɗaya na soso a kan guga tara na kwal, tokar kwal tana rinjayarsa ta shanye shi. In aka wuce haka, sai abin da ka gani."

Ndako ya karɓi dunƙulen ya ɗaga shi sama yana kallon rana ta cikinsa.

"Wannan ai kwalba ne. A gidan kakana a Bida, yashi da kanwa ake zubawa a wuta kwana da kwanaki, ya narke, a yi awarwaro da dutsen wuya. Kwal ya kawo yashi, soso ya kawo kanwa. Fada masa sun gina masaga, wajen narka kwalba, ba su sani ba."

Na fassara masa. Injiniya Rahim ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Mun sani. Kowa ya sani, har masu kamfani."

A shekarar ne kwal ya yi tashin gwauron zabo. Umarni ya zo daga sama cewa a rage kwal. Mai kula da leburori, wanda a can ake ce wa mando, shi ke tsayawa kan ƙaramar katafilar da ke loda makamashi. Guga ɗaya na soso ya koma biyu, biyu suka koma uku, daga baya ma aka daina ƙirgawa. Na sha ganin Injiniya Rahim ya fito daga ofis fuskarsa a murtuke, ya tsaya yana kallon tsibin soso kamar mai kallon gobara a gidan maƙwabci. Ran nan na ce masa, ba abin da za ka iya yi? Ya ce, "Balarabe, ni ma albashi nake ci."

Abin da ya biyo baya ko yaro zai gane. Dutsen toka ya lulluɓe bututai, zafi ya kasa isa ga ruwa, tururi ya yi ƙasa. Da tururi ya yi ƙasa sai a ƙara wuta. Da aka ƙara wuta sai toka ta ƙara narkewa. A ƙasa ma ragar ƙarfe ta riƙa toshewa da wasu manyan faya-fayai irin kashin maƙera, iska ta kasa ratsawa. Daga ƙarshe ba makawa sai an kashe wuta, mutum ya shiga ciki da dagi da guduma ya farfasa.

Mutumin nan kuwa mu ne. Baƙi marasa takarda, waɗanda ba su da inda za su kai ƙara.

Da farko akan bar tukunyar ta huce kwanaki kafin a buɗe. Amma da toshewar ta yawaita, masu kamfani suka ga kowane yini da wuta take a kashe asara ce. Sai a kashe yau, gobe a ce a shiga. Ƙofar 'yar ƙarama ce, sai da rarrafe. Akan jiƙa buhu a yafa a baya, a shimfiɗa katako a taka, kafin ka yi nisa katakon ya fara hayaƙi. Mutum biyu ake turawa, ɗaya a ciki yana fasa, ɗaya a bakin ƙofa riƙe da igiyar da aka ɗaura wa na ciki a ƙugu, yana kuma janyo guntayen waje.

Ranar farko na kama dagi na ce, "Banufe, tsaya a ƙofa, yau ka ga aikin maza."

Ya fizge dagin daga hannuna.

"Kai? Dan Katsina? Wutan da ka sani shi ne na dafa shayi. Mu a bakin wuta aka yanke mana cibiya."

"Kakana ya tsufa yana yi wa jirgi wuta."

"Kakanka ke nan. Kai biro ka gada. Matsa, kada ka suma in rasa abin da zan fada wa matana."

'Yan Bangaladash ba su ji me muke cewa ba, amma suka taya mu dariya. Kafin in sake magana ya rarrafa ya shige.

Haka muka riƙa yi duk ranar shiga. Da wani ne ba shi ba, da na zaunar da shi na ce, Yaya, mu riƙa karɓa-karɓa, kai ke da mata da 'ya'ya. Amma da abokin wasa ba a haka. Ka ɗaure fuska ka ce da gaske nake, ka ɓata wasa ke nan, kuma ka ba shi abin da zai yi shekara yana tsokanarka da shi. Na san kare ni yake yi, shi ma ya san na sani, amma ba mu da bakin da za mu faɗa wa juna. Sau ɗaya na riga shi, na rarrafa har kafaɗuna sun shige, ya kama ƙafata ya janyo ni waje kamar ɗan akuya, yana cewa a zo a ga ɓarawon aiki.

Tari ya fara masa a hankali. Da fari in ya fito ne kawai, ya tofar da baƙin majina ya ce kwal ne yake biyan haraji. Daga baya ya zama ko yana sallah sai ya tsaya ya yi. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. In na ce, "Banufe, tarin nan fa?" sai ya ce warin jikin Katsinawa ne ke shaƙe shi. Raina ya ɓaci, in rasa yadda zan yi, in rama da wata zolayar.

Ranar hutu mukan taka zuwa wani shagon waya da ke bakin titi, da la'asar, lokacin gari ya waye a gida. Kafin mu shiga sai ya kurɓi ruwan zafi ya tauna citta don kada tari ya kama shi a kan layi.

"Asabe, kaninka ya yi kiba, shinkafa ya karbe shi. Ni ne dai nake ta wahalan renonsa."

In ya ba ni wayar sai ta rage murya. "Balarabe, muryarsa fa? Kamar ba tasa ba."

"Ruwan sama ne, Yaya. Nan kullum damina ce, mura ba ta sakin mutum."

"To, Allah ya sawwaƙe. Ku dai kula da juna."

Cittar nan daga hannun Makci take fitowa. Wata tsohuwa ce mai rumfar abinci a ƙofar masana'anta, haka kowa yake kiranta, kamar ka ce inna. Mijinta, Pakci, shi ne ladanin ƙaramin masallacin ƙauyen. Ba ta jin Turanci sai kaɗan, Ndako kuwa ba ya jin nata yaren ko kaɗan, amma sukan daɗe suna hira da hannu. Ya taɓa kwatanta mata doya, ya nuna tsawonta da damtsensa, ya yi kamar yana daka. Bayan 'yan kwanaki ta kira mu bayan rumfa, ta buɗe wani kwano. Wata irin doya ce tasu, jikinta shuɗi-shuɗi, ta dafa ta zuba mata manja da barkono. Wallahi ko kusa ba ta kama ƙafar ta Gwada ba, ruwa-ruwa ce. Ndako ya cinye tas ya suɗe yatsu, yana ɗaga mata babban yatsa. Ni kuwa gida na tuna. Na juya baya na share ido, ta yi kamar ba ta gani ba, kuma ta ƙi karɓar ko kwabo.

Injiniya Rahim bai kai ƙarshen shekarar ba. Ko shi ya ajiye aiki ko sallamarsa aka yi, ban sani ba. Ranar da zai tafi ya zo gindin tukunya ya ba mu kwalin abin rufe hanci mai kyau, irin wanda kamfani ba ya saya. Ya kama hannuna ya ɗora a kan ƙofar ƙarfen.

"In ba za ka iya barin tafinka a nan ya daɗe ba, kada ku shiga. Saman toka yakan huce, cikinta yana nan da ransa."

Na ce to. Shi ma ya san ba mu ke da ikon cewa a'a ba. Bayan tafiyarsa ba wanda ya sake ambaton guga nawa ne iyaka.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Na ɗora hannu a ƙofa na janye ba shiri. Na gaya wa mando, ya nuna mini motocin da suke jiran kwali a layi, ya buga agogon hannunsa da yatsa. Ndako ya yafa jiƙaƙƙen buhu ya shige. Ina riƙe da igiya ina jin bugun dagi, sai na ji wata ƙara kamar gini ya rufta. Wani ƙaton dutsen toka ne, ya kai girman injin niƙa, ya ɓalle daga bututai. Bai faɗa masa a ka ba. Kan tsibin tokar da ke ƙasa ya faɗa, tsibin ya fashe, jar toka mai rai ta cika ɗakin har ta feso ta ƙofa ta ƙona mini gashin hannu. Na ja igiya da duk ƙarfina ina kiran sunan Allah, wasu suka kama mini, muka fito da shi.

A ido ƙunar ba ta da yawa. Girarsa ta tafi, bayan hannuwansa ya saluɓe. Amma abin rufe hancin ya zame, ya shaƙi tokar. Da ya buɗe baki, muryar da ta fito ta wani tsoho ce da ban sani ba.

"Na fada maka... kwalba ya nuna."

Mando ya kai shi wani ƙaramin ɗakin shan magani, aka shafa masa mai a hannu, aka ba shi ƙwayoyi, aka dawo da shi kwantena. Kwanciya ta gagare shi, sai dai ya jingina da bango yana jan numfashi kamar ana yanka katako. Na ce babban asibiti za mu. 'Yan ɗakinmu suka taru a kaina, suka ce ba fasfo, biza ta daɗe da mutuwa, in muka je daga gadon asibiti sai gidan tsare baƙi, kuma raba mu za a yi. Ko gaskiya ne ko tsoro ne kawai, ba ni da wanda zan tambaya. Gaba kura, baya sayaki.

Na sami ɗan kwangila na durƙusa masa, abin da ban taɓa yi wa wani ba bayan iyayena. Na ce ya ba ni fasfon Ndako kawai in mayar da shi gida wurin iyalinsa. Ya saurare ni tsaf, har da girgiza kai na jimami. Sannan ya ce tun da abin ya faru ba leburan da ya yarda ya shiga tukunya, ga ta rabi a toshe, kamfani na neman ƙwace masa kwangila. In na shiga na gama fasa ta, zai ba ni. Pakci ya sa hularsa ta Juma'a ya je ya roƙe shi a madadinmu. Ya dawo hannu wofi ya zauna kusa da ni, ya dafa mini gwiwa.

Sai na shiga.

A ranar na san abin da Ndako ya yi watanni yana tare mini. Zafin ba a fata yake tsayawa ba, har haƙoranka suna jinsa. Gumi na fitowa yana bushewa nan take. Ka ɗaga kai ka ga duwatsu a rataye a samanka, ba ka san wanda zai saki ba. Ka kai wa dutsen guduma ta dawo maka har kafaɗa, in ya fashe kuma bakinsa ya fi reza. Na yi kuka a ciki, ba mai gani, hawayen ma ba sa kaiwa haɓa. In na fito da la'asar na koma kwantena, sai Ndako ya buɗe ido da ƙyar ya dube ni sama da ƙasa.

"Bakatsine... ka nuna, ko da saura?"

Da na gama, ɗan kwangila ya cika alkawari rabi. Ya ba ni na Ndako, ya ce nawa sai ya sami wanda zai maye gurbina. Ban ja ba. Pakci ya yi magana a masallaci bayan sallar Juma'a, mutanen da ba su san mu ba, masu yankan kwakwa da masu tuƙa babur, suka haɗa abin da zai ishi tikiti da tarar wuce wa'adi. A ranar farin ciki ya rufe ni har na yi gaggawa. Na kira Yaya Asabe na ce mata maigida yana nan tafe, jikinsa ne ya ɗan motsa, zai zo ya huta. Ina jin yara suna ihu a bayanta. Ta ce za ta aika Gwada a sayo doya.

Masu sayar da tikiti suka dubi Ndako sau ɗaya suka ce sai da takardar likita cewa zai iya hawa jirgi. Muka nufi babban asibitin da muka yi ta gudu. Ba wanda ya kama mu, ba wanda ya ko ɗaga mana murya. Likitar, wata mata mai sanyin magana, ta ɗauki hoton ƙirjinsa, ta sa aka ba shi gado nan take aka saka masa robar iska. Ta ja ni gefe ta ce huhunsa ya ƙone ta ciki, ƙunar ta rikiɗe ta zama ciwo, ga tsohuwar ƙura a ƙarƙashi. Maganar jirgi babu ita.

"Me ya sa ba ku kawo shi da wuri ba?"

Na ce a raina, daga ina zan fara?

Na koma bakin gadonsa na zauna. Wasa ya ƙare mini ƙaf. Na kama hannunsa mai bandeji na ce, "Yaya Ndako, ka yafe mini."

Ya ɗaga robar daga bakinsa a hankali, idonsa na ƙyalli.

"Yau kuma ni ne Yaya? To, lallai zan mutu."

Ya so ya yi dariya, tari ya sarƙe shi, ma'aikatan jinya suka fitar da ni.

Ba a bar ni na yi jinyarsa ba. Soso bai daina shiga wuta ba, tukunya ta sake toshewa, mando ya aiko cewa in ban dawo ba in manta da fasfo. Makci ce ta riƙa rufe rumfarta tana zuwa ta zauna kusa da shi. Ina cikin tukunya ina fasa dutse Allah ya karɓi abinsa. Da na rarrafo waje, toka har cikin kunnena, sai na hango Makci a bakin ƙofar masana'anta riƙe da laima, ana yayyafi. Ba ta ɗaga mini hannu kamar yadda ta saba ba.

Pakci da mutanensa suka yi komai, da takardun asibiti da na hukuma, da wanka da likkafani. Ni na zuba ruwa. Aka yi masa sallah sahu uku, ba wanda ya iya faɗin sunansa daidai a cikinsu. Maƙabartar tana bayan masallaci, a tsakiyar itatuwan kwakwa, ƙasarta ja ce mai danshi. Na shiga kabarin tare da wasu mutum biyu, muka kwantar da shi a kan damansa, fuskarsa na kallon mafaɗar rana.

Ban iya kiran Yaya Asabe kai tsaye ba. Kawunmu na kira, na ce ya ɗauki matarsa su je Fadikpe. Na zauna a shagon waya ina jira, mai shagon ya kawo mini shayi ban sha ba. Da na sake bugawa kawu ya ɗauka, ina jin koke-koke daga nesa. Ya ce ga ta, ta ce lallai sai ta yi magana da ni. Muryarta a bushe take, ba kuka.

"Balarabe, wa ya yi masa wanka?"

"Ladanin garin ne, Yaya, mutumin kirki. Ni na zuba ruwa."

"An sami mutane?"

"An samu. Sahu uku."

"Gabas dai suka fuskantar da shi ko? Ka ga ba su san mu ba."

Na ce, "Yaya, a nan alƙibla yamma take. Makka tana yamma da mu, ku ma kuna can yamma. Wajenku yake kallo."

Ta ce, "To kai kuma yaushe?"

Ta ƙofar shagon ina hango dogon bututun hayaƙin masana'anta a saman itatuwa. Hayaƙi ya ɗauke. An kashe wuta ke nan, gobe akwai shiga, kuma yanzu ba mai fizge dagi daga hannuna.

Na ce, "Sai yadda Allah ya yi, Yaya."